IN JI WA? NA'URA A AJI DA TARBIYYAR TANTANCE LABARI

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ba za mu manta da wata asuba ta farkon watan Agusta na shekarar 2014 ba. Wasunmu a lokacin muna 'yan firamare, aka tashe mu daga barci aka sheƙa mana ruwan ɗumi mai gishiri, ba mu san hawa ba balle sauka. Wasunmu kuwa mun riga mun girma, mu ne ma muka bugo waya gida muka ce a yi maza a yi wankan kafin gari ya waye. Mafarin abin shi ne cutar Ebola da ta shigo Legas ranar 20 ga watan Yuli tare da wani matafiyi daga ƙasar Laberiya. Ana cikin wannan fargaba sai wani saƙo ya ɓulla a wayoyin hannu, wai wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga kamuwa. Kafin hantsi ya dubi ludayi saƙon ya karaɗe ƙasar nan, tun daga bakin teku har iyakar arewa. Aƙalla mutum biyu suka rasa rayukansu sabili da shan gishirin, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti.

Abin da ya fi ba da mamaki game da wannan rana shi ne irin mutanen da suka yaɗa saƙon. Akwai masu digiri, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan ofis, watau mutanen da a kullum muke kira wayayyu. Ba wanda ya tura da nufin cutar da wani. Uwa ce ta tura wa ɗanta, aboki ya tura wa abokinsa. Ke nan iya karatu da rubutu, da mallakar waya mai tsada, da kyakkyawar niyya, duk sun taru wuri guda amma ba su hana ɓarna ba.

Kiraye-kiraye sun yawaita cewa a koya wa ɗalibai yadda za su riƙa tantance abin da kafofin watsa labarai ke kawo musu, a kuma yi amfani da na'urorin zamani wajen koyarwar, kamar kwamfuta da wayar hannu da intanet. Hukumar UNESCO ta daɗe a kan wannan kira, har ta yi manyan tarurruka biyu a kansa a Abuja, a 2013 da 2022. To amma akwai tambayoyin da suka gabaci sayen kayan aiki. Shin na'urar da ta ɗauko cutar za ta iya kawo maganin? Shin tantance labari dabara ce da ake koya kamar tuƙin mota, ko kuwa hali ne da ake renon mutum a kansa kamar riƙon amana? Idan kuma muka koya wa ɗalibi shakka, a ina za mu ce masa ya tsaya? Waɗannan su ne abubuwan da wannan 'yar maƙala za ta yi ƙoƙarin dubawa.

Gadon da Muka Tarar

Bahaushe bai jira zuwan kwamfuta ba kafin ya san cewa labari hawa-hawa ne. Harshen da muke nazari a wannan sashe shaida ne. Idan mutum ya ce, "Sarki ya iso," ya ɗauki nauyin maganar a wuyansa. Idan ya ce, "An ce sarki ya iso," ya sauke rabin nauyin. Idan kuwa ya ce, "Wai sarki ya iso," to, ya zare hannunsa gaba ɗaya, har ma ya ɗiga alamar shakka. Muna da jita-jita, muna da shaci-faɗi, da ƙanzon kurege, da zuƙi-ta-malle, kowanne da irin rashin gaskiyar da yake nufi. Al'ummar da ta yi wa abu sunaye da yawa haka, lalle ta daɗe tana fama da shi. Sama da duka akwai gajeriyar tambayar nan da dattijo kan tare yaro da ita idan ya shigo da labari yana haki: "In ji wa?"

Mu dubi tatsuniya kuma. Ƙagaggen labari ce, amma ba ta yaudarar kowa, domin tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Da zarar an buɗe ta yaro ya san an bar duniyar zahiri, a ƙarshe kuma mai bayarwa da bakinta za ta jingina ƙaryar ga Gizo ta rufe. Babban darasin labaran Gizo shi ne mai zaƙin baki yakan ci da gumin mai saurin yarda. Kura tana da ƙarfi, amma kullum ita ke shan wuya, domin kwaɗayi yakan sa ta gaskata abin da take so ya zama gaskiya. Haka nan duk wanda ya saba da kasuwa ya san mai tallar magani da ɗan korensa, wanda zai fito daga cikin taro ya rantse cewa maganin ya warkar da shi, alhali tare suka kwana.

A ɓangaren karatun zaure kuwa, malaman hadisi sun gina ilmi sukutum a kan wannan tambaya ta dattijo. Irin su Imamu Buhari, wanda ya rayu daga 810 zuwa 870, ba su karɓar magana sai sun bi salsalarta mutum bayan mutum. Wane ne ya faɗa? Daga wa ya ji? Sun yi zamani ɗaya har suka haɗu? An san shi da gaskiya? Haddarsa tana da ƙarfi? Daga baya Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ƙara wani ma'auni. Ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi, kamar son ra'ayin ɓangare, da yarda da mai ruwaya fiye da kima, da neman fada wurin masu mulki, da rashin sanin yadda al'amuran duniya suke gudana. Ya kawo misalin wani labari da marubuta suka yi ta kwafa, wai Sarki Iskandari ya shiga akwatin gilashi aka zura shi ƙarƙashin teku don ya zana dodannin ruwa. Ibn Haldun ya yi watsi da labarin da hujjar cewa sarki ba ya jefa kansa cikin irin wannan kasada, kuma iskar da ke cikin akwatin ba za ta ishe shi numfashi ba. Ke nan mun gaji ma'auni biyu: wa ya faɗa, kuma abin yana yiwuwa?

Abin da ya Sauya

To tun da muna da wannan gado, me ya sa ruwan gishiri ya ci mu? Amsar ita ce an gina ma'aunanmu ne a duniyar da labari yake da fuska. Sankira idan ya yi shela, kowa ya san gidansu, ya san wanda ya aiko shi. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a watan Janairun 1939, an san editanta Abubakar Imam ne, kuma daga cikin dalilan kafa ta akwai kashe jita-jitar da ke yawo gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Da sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, muryar ta yi nisa, amma tana da suna da adireshi, mai sauraro yana iya rubuta wasiƙa ya yi ƙorafi. Daga shigowar wayar salula a 2001, sannan Facebook da WhatsApp suka biyo baya, sai muka wayi gari da saƙo marar uba. Wanda ya miƙo mana shi ɗan'uwanmu ne da muka amince da shi, amma wanda ya ƙirƙire shi ba a san shi ba. Sai amanar da muke ba ɗan'uwa ta zama rigar da baƙon saƙo ke sakawa ya shigo mana gida.

Daɗin daɗawa, ƙarya ta fi gaskiya sauri a wannan sabuwar hanya. A 2018 wasu masana uku na cibiyar MIT ta Amurka sun buga sakamakon binciken labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma kafin labarin gaskiya ya kai ga mutum 1,500 yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka. Sun kuma nuna cewa mutane ne da hannunsu suka jawo wannan rata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gaskiya a ɗaure take da abin da ya faru, ƙarya kuwa tela ce, tana ɗinka labari daidai da tsoro ko fushin mai sauraro.

Mafi girman asara ita ce wadda ta sami karin maganar nan da muke taƙama da ita, watau gani ya kori ji. A watan Yunin 2018, lokacin da rikici ya ɓarke a Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na waɗanda aka kashe ne. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa wasu hotunan ko a Nijeriya ba a ɗauke su ba, akwai ma wanda ya fito daga Kwango Barazabil shekaru kafin rikicin. 'Yan sanda sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya, aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. A watan Maris na 2022 kuma an fitar da bidiyon jabu na shugaban Yukren, da fuskarsa da muryarsa, yana umartar sojojinsa su ajiye makamai. Yanzu ido ma sai an tambaye shi: in ji wa?

Na'ura a Aji: Dogon Buri da Abin da Aka Girba

Ɗora buri a kan na'urar koyarwa ba yau aka fara ba. Iyayenmu sun ga majigi, wanda Turawan mulkin mallaka, daga baya kuma gwamnatin Jihar Arewa, suka riƙa yawo da shi gari-gari don koyar da tsabta da noma. Da aka buɗe gidan talabijin na WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoban 1959, a zamanin Cif Obafemi Awolowo, ilmantarwa tana kan gaba cikin manufofin da aka ambata. Ƙasar Kodebuwa ta fara koyar da 'yan firamare ta akwatin talabijin a 1971, amma zuwa farkon shekarun 1980 aka rufe shirin, bayan tsadarsa ta yi yawa, iyaye da malamai kuma suka juya masa baya. A 2005 aka shelanta shirin nan na bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, har aka gwada shi a wata firamare da ke Galadima kusa da Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta raba irin waɗannan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙarin maki a lissafi ko harshe ba, ko da yake yaran sun ƙware wajen sarrafa na'urar. A nan gida ma Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare allon na'ura mai suna Opon Imo a 2013, ɗauke da littattafai da tsoffin tambayoyin jarrabawa.

Wannan tarihi yana tuna mana wani labari da Aflatun, masanin falsafar Girka, ya kawo fiye da shekaru dubu biyu da suka wuce. Wai wanda ya ƙirƙiro rubutu ya kai wa wani sarkin Masar yana yabonsa a kan cewa maganin mantuwa ne kuma mabuɗin hikima. Sai sarkin ya ce yana tsoron mutane za su dogara da shi su daina riƙe abu a zuciya, su tara ji mai yawa ba tare da koyo ba, a riƙa yi musu kallon masana alhali ba su sani ba. Tarihi ya nuna sarkin ya yi kuskure wajen raina rubutu, domin da ba don rubutu ba da labarin nasa ma bai iso gare mu ba. Amma tsoron nasa yana da tushe. Ɗalibin da ke iya zaƙulo amsa cikin daƙiƙa biyar yana iya ɗauka ya sani, kuma wanda ya ɗauka ya sani ya fi wuyar gyara a kan wanda ya san bai sani ba.

Akwai hujja a kan haka. A 2016 wata ƙungiyar masana a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Farfesa Sam Wineburg, ta gwada dubban ɗaliban Amurka, yaran da suka tashi da na'ura a hannu. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare sun kasa bambanta talla da labari a shafin intanet, duk da an rubuta a jiki cewa biya aka yi aka saka. Saurin yatsa daban, natsuwar hankali daban.

Abin da Na'ura ke Iyawa

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a mayar da na'ura cikin kwali. Ba a koyon iyo a tudu. Tun da a waya ɗalibi ke haɗuwa da ƙarya, a wayar ne ya kamata ya koyi kama ta. Su waɗannan masana na Stanford sun sake wani gwaji a 2017, suka ba malaman tarihi da ɗaliban jami'a da ƙwararrun masu tantance labari shafuka biyu na ƙungiyoyin likitocin yara masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya babbar ƙungiya ce mai dubban mambobi, ɗayar kuwa 'yar ƙarama ce da ta ɓalle da wata manufa tata. Yawancin ɗaliban, har da wasu malaman, sun tsaya cikin shafin suna duba kyan tsarinsa da tambarinsa, aka ruɗe su. Ƙwararrun kuwa cikin ɗan lokaci suka fita daga shafin, suka je suka bincika abin da wasu ke faɗa game da masu shi, kuma dukkansu suka gano gaskiya. Wannan ai shi ne abin da iyaye ke yi a neman aure. Ba a tambayar saurayi halinsa, unguwarsu ake zuwa a bincika.

Akwai dabaru irin wannan da na'ura ta sauƙaƙa. Ana iya ɗaukar hoto a saka a manhajar bincike irin ta Google ko TinEye a ga inda ya taɓa fitowa da shekarar da ya fito. Da an yi wa hotunan Filato haka, da minti biyu ya isa. Akwai masu aikin tantancewa kamar Africa Check da aka kafa a 2012, da Dubawa da ta fara aiki a Nijeriya a 2018, wadda sunanta ma daga harshenmu yake. Masana a Jami'ar Kambirij sun taimaka aka shirya wani wasan kwamfuta a 2018 mai suna Bad News, inda ɗalibi ke zama maƙaryacin da kansa, yana koyon yadda ake satar suna, da tunzura zuciya, da raba kan jama'a, don ya gane dabarun idan aka gwada su a kansa. Hikimar irin ta allurar rigakafi ce, a ɗanɗana wa jiki raunanniyar cuta ya koyi yaƙarta. Ƙasar Finlan kuwa ta saka wannan tarbiyya cikin darussa dabam-dabam tun daga ƙananan azuzuwa, malamin lissafi ya nuna yadda ake ƙarya da alƙaluma, malamin zane ya nuna yadda ake ƙarya da hoto.

A nan ne mu ɗaliban Hausa muke da aikin da ba wanda zai yi mana. Kaso mai yawa na jita-jitar da ke yawo a tsakanin mutanenmu da murya take tafiya, domin saƙon murya ba ya bukatar iya karatu, kuma ba a iya bincikarsa yadda ake binciken rubutu ko hoto. Manhajojin tace ƙarya kuwa an fi horar da su da Ingilishi. Me zai hana a ajin nazarin harshe mu tattara irin waɗannan saƙonni, mu rubuta su, mu feɗe su kamar yadda muke feɗe waƙa ko zube? Mu duba inda aka cire "wai" aka mayar da zato tabbas, da inda aka ce "wani babban likita" ba suna, da yadda ake rufewa da rantsuwa ko roƙon a tura wa mutum goma. Mu ɗauki labari guda mu ga yadda gidajen rediyo uku suka fassara shi, wa ya ce "'yan bindiga", wa ya ce "mahara", wa ya ambaci ƙabila, wa ya yi shiru a kanta. Waya guda da malami mai himma sun isa wannan darasi.

Shakka: Magani ko Guba?

Yanzu mun zo wurin da maganar ta fi wuya. Duk abin da muka lissafa horo ne a kan shakka, ita kuwa shakka kamar gishirin nan ce da muka fara da shi: kaɗan gyaran miya, da yawa kisa. A 2003 wasu jihohin arewa suka dakatar da allurar rigakafin shan-inna sabili da raɗe-raɗin cewa an gurɓata ta don hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, kafin nan cutar ta sake bazuwa, daga baya har ta kai ga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Waɗanda suka ƙi allurar ba saurin yarda ya same su ba, shakka ce ta yi musu yawa. Kuma shakkar ba daga sama ta faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka daidaita da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Wannan ya nuna mana abu biyu. Na farko, ba za a ɗora wa ɗalibi dukkan nauyin ba. Idan hukuma ta saba ɓoye gaskiya, jarida ta saba karɓar na goro, to, su ne ke yi wa jita-jita taki, kuma ba darasin kwamfutar da zai gyara wannan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na biyu, akwai bambanci tsakanin mai shakka don ya bincika da mai shakka don ya huta. Na farkon yana cewa, "Ban tabbata ba, bari in duba." Na biyun yana cewa, "Duk ƙarya ce," ya juya baya. Shi wannan na biyu yana jin kansa mai wayo, alhali ya fi kowa sauƙin kamu, domin wanda ya ƙi yarda da kowa a ƙarshe yakan yarda da wanda ya gaya masa abin da ransa ke so. Mun ga haka a 2018, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito a ƙasar Folan a watan Disamba ya ce shi ne da kansa. Masu wannan ra'ayi duk hoton da aka nuna musu sai su ce haɗi ne. Ga shi kuma yanzu da bidiyon jabu ya samu, mai laifin da aka ɗauka a bidiyo na gaskiya ya sami mafaka, sai ya ce na'ura ce ta ƙera.

Saboda haka manufar wannan tarbiyya ita ce ɗalibi ya iya auna yardarsa, ya ba kowane labari gwargwadon abin da hujjarsa ta cancanta. Ba wanda zai iya bincika komai da kansa. Ko likita idan motarsa ta lalace ga bakanike yake dogara. Abin da ake bukata shi ne sanin wanda ya cancanci amana: wanda yake sa sunansa a kan maganarsa, yake nuna inda ya samo ta, kuma idan ya yi kuskure ya fito ya gyara.

Alhakin Mai Turawa

Sauran tambaya guda, wadda ta fi shafar kowannenmu. Sau nawa muka ga saƙo an rubuta a samansa, "Yadda aka turo mani haka na turo"? Mai wannan magana yana so ya ce shi ɗan aike ne, ba ruwansa. Amma ɗan aike yana da wanda ya aike shi, shi kuwa wannan ba wanda ya sa shi, shi ya zaɓi ya ɗauka, shi ya zaɓi gidan da zai kai. Ya fi kama da dillali, dillalin da ya sayar da kayan sata kuwa ba ya kuɓuta don ya ce ba shi ya fasa shagon ba. Magana zarar bunu ce, a da mutum ɗaya ke zara, yanzu da taɓawa guda sai a yaye jinka sukutum. Kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a watan Janairun 2019, bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe-kashe a Indiya. Wannan ya rage gudu, amma yatsan da ke dannawa namu ne.

Mu da muke karatu nesa da gida, a tsakanin maƙwabta masu wasu harsuna, mun fi kowa sanin nauyin wannan. Kowannenmu ya taɓa samun kira da tsakar dare daga uwa ko yaya, murya na rawa, an ji wai ana farautar 'yan arewa a garin da muke, alhali muna kwance lafiya. Mun kuma san cewa irin wannan saƙo idan ya isa gida bai tsaya ga tayar da hankalin iyaye ba, yana iya jefa baƙon da ke zaune a garinmu cikin haɗari, mutumin da shi ma uwarsa tana can tana jiran kiransa. A irin wannan dare shaidarmu tana da tsada, domin mu ne a wurin. Idan muka faɗi abin da idonmu ya gani kawai, muka ware shi daga abin da muka ji, mun yi aikin da ba na'urar da za ta yi.

Kammalawa

Mun ga cewa kakanninmu sun bar mana ma'aunan tantance magana, zamani kuma ya zo da saƙo marar fuska da hoto maras amana waɗanda suka fi ƙarfin tsohon ma'auni shi kaɗai. Na'ura tana iya nuna wa ɗalibi asalin hoto, ta kai shi unguwar mai magana ya bincika, har ta ɗanɗana masa dabarun maƙaryata. Wannan rabin aikin ne, kuma ya wajaba makarantunmu su ɗauke shi da gaske, da Hausa da sauran harsunanmu. Ɗaya rabin kuwa hali ne: haƙurin jinkirta turawa lokacin da zuciya ke tafasa, da adalcin bincika labarin da ya yi mana daɗi kamar yadda muke bincika wanda ya ɓata mana rai, da ƙarfin halin komawa cikin jama'a a ce, "Abin da na turo jiya ba gaskiya ba ne, ku yafe ni." Irin wannan a wurin mutane ake koyonsa. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya ce "ban sani ba, bari mu duba tare" ya sami darasin da ya fi na kowace manhaja.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu, mu fara da kanmu. Duk saƙon da ya shigo yana haki, ko daga wa ya fito, mu tare shi a zaure mu yi masa tambayar dattijo kafin mu bar shi ya wuce cikin gida. Allah ya sa mu dace.